Jego cikin hunturun Jos, da yadda muka maido da gas a gidan Baba

Jaura ce ta tarbe mu a ƙofar gida ranar da aka sallamo matata daga asibiti da jaririyarmu, cikin mako na biyu na Disambar 2024. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Jos ba sai an yi masa dogon bayani ba. Garin a kan tudu yake, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma tsakanin Disamba da Janairu ma'auni yakan sauko zuwa wajen 10 da dare, wani lokaci ma ya yi ƙasa da haka. Ruwan da ya kwana a bokiti, in ka tsoma hannu da asuba, sai ka ji kamar reza ta bi ta kan yatsunka. Leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, a sallar asuba kuwa tari ke tashi daga kowane sahu.

Haihuwa ta biyu ce, don haka ba a kai ta gidan iyayenta wanka ba. Hajiya, mahaifiyata, ta ce ba za a bar maijego a benen hayar da muke ciki ba, a kawo mata ita gidan Baba a Rikkos, ita za ta yi mata wankan da hannunta har a yi arba'in. Na ji daɗin haka ƙwarai. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yawan ruwan zafin da jego ke ci. Wanka biyu a rana, safe da yamma, kowanne da babbar tukunya cike, ga wankan jaririya, ga wankin zannuwa, ga kunu da farfesu, ga shayin masu zuwa barka. 'Yar tukunyar gas mai kilo 6 da Hajiya ke girki da ita kwana huɗu ta yi ta ƙare. Sai aka koma murhu a tsakar gida. Da ƙarfe huɗu da rabi na asuba nakan jiyo Hajiya, wadda ta haura saba'in, durƙushe tana hura itace cikin wannan ɗari, tana tari, idonta na zubar da ruwa. Safiya uku na ji haka, na ce ba zai yiwu ba.

Alhali gidan yana da shimfiɗar gas tun 2006. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa an gina ɗan keji na bulo da ƙofar ƙarfe a bayan kicin, aka ajiye manyan tukwane biyu masu kilo 50, aka ja bututun jan ƙarfe ta cikin bango. Reshe ɗaya ya tafi wajen kukar girki, ɗayan ya zagaya zuwa na'urar dafa ruwa da ya kafa a banɗakin Hajiya. Shekara goma sha biyar gidan nan bai san wahalar ruwan zafi ba. Bayan rasuwarsa a 2021, wata rana aka fara jin wari a bayan kicin. Kawu ya kira mai walda, aka datse bututun, aka daddaƙe bakinsa da guduma, aka kulle kejin. Tun daga ranar ba wanda ya sake waiwayarsa.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila, da na ce masa ina so a maido mana da gas, sai ya tambaye ni wane ofis zan kai takarda. A can bututu ne ke shigowa gida daga titi kamar na famfo, da mita, kuma sai ma'aikacin da aka tantance ya zo ya gwada kafin a buɗe maka. A Jos babu wannan. Babban bututun da ake ta magana a kai, na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, hanyarsa ba ta biyo ta nan ba, kuma gas ɗin da aka yi shi dominsa ma wani iri ne daban, na tashoshin lantarki da masana'antu. Namu na tukunya ne, haɗin butan da furofan, wanda tankoki ke haurowa da shi daga kudu. Ma'anar wannan a aikace ita ce babu wanda zai zo ya duba maka aikin. In ka yi daidai, kai da iyalinka. In ka yi ganganci, kai da iyalinka.

Na fara da yaron shagon da muke ɗura gas. Ya zo da rana, ya leƙa kejin, ya ce, "Oga, ai wannan aikin rabin awa ne. Ka manta da wancan ƙarfen, tiyo za mu ja daga nan mu shigar ta taga." Na auna da ido, wajen taku goma sha biyar na roba kenan a kwance a rana da sanyi, inda ɓeraye ke wucewa. Na tambaye shi yadda zai san ba ya yoyo. Ya ciro ashana daga aljihu ya nuna mini. Na ba shi kuɗin mota na sallame shi. Ba mugun yaro ba ne, abin da ya gani ana yi ya koya.

Ta hannun wata 'yar'uwarmu mai gidan abinci na samu wanda ya yi mana aikin. Dattijo ne daga wajen Bukuru, shekara da shekaru yana haɗa gas a kicin ɗin otal-otal da gidajen burodi, kowa Injiniya yake ce masa. Ya zo washegari da 'yar jaka da fitilar hannu, ya kusa awa biyu yana dubawa bai taɓa sufana ba. Ya tsuguna ya goge wuyan tukwanen da tsumma har rubutun da aka buga a jikin ƙarfen ya fito, ya kira ni ya nuna mini: 2006. Ya ce Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, shekara 15 ta yanka wa tukunyar gas, ana sake gwada ta duk bayan shekara biyar, waɗannan kuwa sun wuce wa'adinsu da shekara uku, kuma ga tsatsa ta ci gindin ɗaya har tana ɓarewa. Ya ce shi ba zai ɗaura regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin gas, a kansu ba ko nawa zan biya shi.

Daga nan ya koma kan kejin. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya zuba ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwa ya taru a rami. Kejin Baba kuwa ramukan shan iskarsa a sama suke, ƙasan a toshe, kuma bayan an gina shi wani ya zo ya haƙa kwata dab da ƙofarsa, wani kuma ya mai da gefensa wurin ajiye janareta. Sai a fasa bulo biyu daga ƙasa, a rufe kwatar, janareta ya koma can ƙarshen gida. Da ya shiga banɗaki ya ga na'urar dafa ruwa a manne a bango cikin ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma babu bututun fitar da hayaƙi, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Alhaji, Allah ne ya tsare ku shekarun nan. Wannan waje za ta koma, ko kuwa mu bar ta a mace."

Ya rubuta mini kayan da zan saya a bayan wata tsohuwar rasit, ya ce sai bayan kwana biyar yake da sarari, don yana da aikin da ya riga ya karɓa. Na roƙe shi, na ce akwai jaririya. Ya ce saboda jaririyar ce ma ba zai yi aikin da gaggawa ba.

A cikin kwanaki biyar ɗin nan ne abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru.

Dare na uku sanyin ya tsananta, ga babu wuta tun la'asar. Ni a falo nake kwana, matata da jaririya da Hajiya suna ɗakin baya. Wajen ƙarfe biyu na tashi zan sha ruwa, sai na ga ɗan jan haske ta ƙasan ƙofarsu. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, sai can matata ta amsa da wata murya mai nauyi. Da na tura ƙofar, ɗumi ne ya fara dukan fuskata, ɗumi mai daɗi, irin wanda kowa ke nema a daren nan. Ga kasko cike da garwashi a tsakiyar ɗaki, ja-wur, ba hayaƙi ko kaɗan. An rufe taga ruf, an tura tsohon zane a ƙasan ƙofa don kada iska ta shigo. Matata ta ɗago kai ta ce kanta ke sarawa kamar zai tsage, zuciyarta na tashi. Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Hajiya na kira ta sau uku kafin ta buɗe ido.

Ban san lokacin da na wangale tagogin ba. Na naɗe hannuna da bargo na ɗauki kaskon na kai tsakar gida, na dawo na sungumi jaririyar na fito da ita falo na sa ta cikin rigata. Ta yi lamo, ba irin baccin da na saba gani ba. Na riƙa shafa bayanta ina kiran sunan Allah, har ta yamutsa fuska ta tsala kuka. Ban taɓa jin sautin da ya kai wannan kukan daɗi a kunnena ba. Na tashi maƙwabcinmu mai mota, muka kwashe su ukun zuwa asibiti a daren. Aka sa musu iskar numfashi, aka riƙe su har azahar.

Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta zaunar da ni ta yi mini bayani, kuma na so a ce na san shi tun kafin ranar. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko gas ko fetur ɗin janareta, in bai samu isasshiyar iska ba yakan fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu, don haka mutum yana numfashi amma jikinsa na shaƙewa daga ciki. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da bacci, abubuwan da kowa zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar jego. Mai barci kuwa ba ya ma jin alamar, wucewa kawai yake yi. Jarirai sun fi kowa saurin kamuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi, wanda mu muke ɗauka shi ne mai lafiya, bai daina fitar da ita ba.

Magana da Hajiya ta fi mini komai wuya. Ba ta yi don cutarwa ba, jikarta take wa tsoron sanyi, kuma ita ma ta kwana a ɗakin. Da muka dawo gida na same ta zaune a kan dardumarta ta yi tagumi. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Babana, ku takwas na haifa a garin nan, duk da kasko na raine ku. Uwata ma da shi ta raine ni. Me ya canja?" Na rasa amsa a lokacin. Sai da na ɗaga kai na dubi ɗakin sannan na gane. Na ce, "Hajiya, ɗakin ne ya canja." Ɗakin da ta raine mu a Gangare na ƙasa ne, rufin kwano ba silin, ƙofar langa-langa ce mai rata sama da ƙasa, taga ta katako ce da ba ta haɗuwa. Iska tana ratsa shi ko an so ko ba a so ba, shi ya sa ma ake jin sanyin har a nemi kasko. Wannan kuwa mu da kanmu muka gyara mata shi shekara biyu da suka wuce, muka sa tagogin alminiyam masu roba a baki, muka yi silin na filasta, muka sa ƙofa mai cika gurbinta. Mun mai da shi kamar kwalba, ba mu gaya mata cewa kasko ya daina zama abokin kwana a cikinsa ba, don mu ma ba mu sani ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya kyauta. A fitar da shi." Ba ta sake shigar da garwashi ɗaki ba.

Ranar aiki Injiniya ya iso da yaronsa tun bakwai. Na riga na sayo sababbin tukwane biyu masu tambarin SON, na kai su tashar ɗura gas mai lasisin NMDPRA, hukumar gwamnati da ke kula da harkar sayar da mai da gas tun bayan dokar man fetur ta 2021. Na tsaya aka ɗora kowacce a sikeli tana fanko, na gwada da nauyin da aka buga a wuyanta, aka ɗura, aka sake aunawa a gabana. Kilo ya haura naira 1,000 a lokacin, saboda haka ɗaya na cika, ɗayar na sa rabi. A tsaye muka ɗauko su a bayan a-kori-kura, ɗaure da igiya, don ya gargaɗe ni kada a kwantar.

Kafin ya kusanto da gas ko kaɗan, sai da ya gwada tsohon bututun da iska zalla. Na'urar gwajin tasa ba wani abin a-zo-a-gani ba ce: siririn tiyo ne garai-garai, an lanƙwasa shi kamar ƙugiya a jikin katako, da ruwa a ciki da rula a gefe. Ya yanke inda aka daddaƙe, ya toshe sauran bakunan, ya haɗa tiyon, ya hura iska da ɗan famfo har ruwan ya hau gefe ɗaya. Ya ja layi da biro daidai inda ya tsaya, ya dubi agogo, ya ce kowa ya bar wurin. Na tsaya ina kallo. Minti biyu ba a yi ba ruwan ya fara zamewa ƙasa da layin, a hankali, kamar inuwa. Yaron ya bi gaɓoɓin da ke waje da soso da ruwan sabulu, ba kumfa ko ɗaya. Injiniya ya ce to ɓarnar tana cikin bango. Suka fasa siminti daidai inda bututun ya ratsa, sai ga shi ya yi kore shar, bango ya tsage ya matse shi, da ɗan rami kamar bakin allura. Warin da aka ji a 2022 daga nan yake. Datsewar da Kawu ya sa aka yi ta tsare gidan, amma ba a taɓa gano ciwon ba, kuma da an yi haɗin gaggawa ta tsohon bututun ba tare da gwaji ba, da gas zai riƙa tsiyaya cikin bangon kicin.

Suka sauya wannan tsagin gaba ɗaya, sabon ya bi ta cikin hannun riga na roba don kada ya sake gogar siminti. Ya sa makulli a keji, ya sa wani a kicin inda hannun Hajiya zai kai ba sai ta sunkuya ba, ya sa na uku a reshen na'urar ruwa. Sabuwar regileta mai ƙaramin matsi, da makullin sauyawa daga wannan tukunya zuwa waccan. Roba ba ta wuce ɗan guntun da ya haɗa kuka da bango ba, ita ma irin ta gas ce mai kwanan wata a jiki, an ɗaure bakinta da kilif. Na'urar dafa ruwa ta koma bangon waje da 'yar rumfar kwano a kanta, bututun ruwa kaɗai ya shiga banɗaki. Ya wanke ta, ya sa mata sababbin batura biyu na kunnawa. Da farko ta ƙi kamawa saboda tankin sama bai da tsayin da zai ba ruwan ƙarfi, sai da aka ƙara ɗan famfon turawa, wanda bai cikin lissafina kuma ya jinkirta mu kwana guda.

Ya maimaita gwajin ruwan. Wannan karon minti goma sha biyar muka yi, ruwan bai motsa daga layin biro ba. Sannan ya buɗe tukunya, yaron ya sake bin kowace gaɓa da kumfa, sannan ya kira Hajiya ya ce ita za ta kunna. Ta yi bismillah ta murɗa. Wutar ta fito da ɗan ja a baki, ya kashe, ya zare kan kukar ya sossoke ramukan da siririyar waya, ya gyara mashigar iska, aka sake kunnawa ta fito shuɗiya tsaf. Ya ce, "Mama, kullum ki duba launinta. Shuɗi lafiya. In ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ki kashe ki kira ni." Ya ƙara mata da cewa in ta ji wari, kada ta taɓa makunnin lantarki ko ta kunna ashana, ta rufe makullin waje, ta buɗe ƙofofi, kowa ya fita. Ya kuma ce da asubar hunturu, in tukunya ta kusa ƙarewa, wutar takan yi rauni don butan ba ya son sanyi. Kada kowa ya girgiza ta, ko ya kwantar da ita, ko ya kusanto mata da wuta, a murɗa zuwa ɗayar kawai.

Ruwan zafi da girki sun samu. Saura ɗumin ɗaki, wanda shi ne asalin abin da ya kai mu asibiti. Na tambayi Injiniya ko zai ja mana reshe zuwa ɗakin maijego mu sa hitar gas, irin mai taya da ake sayarwa a shagunan titin Ahmadu Bello. Ya girgiza kai. Ya ce irin wannan hitar, babbar, takan ci wajen giram 300 a awa in an ƙure ta, wato tukunya mai kilo 12.5 ta yi awa arba'in, kuma tana ɗumama falo da kyau. Amma ba ta da bututun hayaƙi, iskar ɗakin take ci ta mayar da abin da ta ƙona cikin ɗakin, har da raɓa mai jiƙa bango. A falo, da rana, mutane na farke, taga a ɗan buɗe, ya yarda. A ɗakin kwana da jaririya, bai yarda ba. Ya ce tsofaffin gidajen Turawan haƙar kuza da ke Rayfield da Bukuru duk da murhun jin ɗumi aka gina su, amma ka duba rufinsu, kowanne da dogon bututun da ke fitar da hayaƙi sama. Mu mun ɗauki wutar mun bar bututun.

Sai na juya ga lantarki. Hita mai wat 2,000 yunit biyu take sha a awa. In ta kwana awa takwas, yunit 16 kenan, kuma wanda ke rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi tsawo a rana, a lokacin yana biyan sama da naira 200 a kowane yunit tun Afrilun 2024, wato fiye da naira 3,000 a dare ɗaya. Wanda ba ya rukunin kuma yana biyan ƙasa da haka, amma ba shi da tabbacin wutar za ta kwana. Inbata da batiran sola na gida ba sa ɗaukar irin wannan nauyi na tsawon dare. Duk da haka na sayi ƙarama mai mai a ciki, mai kama da haƙarƙari, wadda ba ta da jan ƙarfe a fili da zai kama zane, kuma tana kashe kanta in ɗaki ya yi ɗumi. In akwai wuta mukan kunna ta awa biyu bayan isha'i, a soket ɗin bango kai tsaye, nesa da labule.

Abin da ya fi yi mana aiki kuwa bai ci wuta ba sam. Mun mai da maijego ɗakin da rana ke bugawa da yamma, a buɗe labule da rana bango ya sha zafi, a sauke shi kafin magariba. Na shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo na sayo manyan barguna biyu, da labule mai kauri, da safa da hulunan ulu na jarirai, aka wanke aka shanya. Muka shimfiɗa kafet a kan tayil, muka janye gado daga jikin bangon waje. Hajiya takan cika jakar ruwan zafi ta roba ta sa cikin shimfiɗa, ta cire kafin a kwantar da yarinya. Ma'aikaciyar jinyar nan ta koya wa matata ta riƙa sa jaririyar a ƙirjinta fata da fata, da hula a kai, a lulluɓe su tare a bar fuskar a buɗe, ta ce babu hitar da ta kai jikin uwa. Ita ce kuma ta roƙi Hajiya a sassauta zafin ruwan wanka a rage kanwa a kunu, saboda likitoci sun daɗe suna danganta yawansu da ciwon zuciyar masu jego. Hajiya ta karɓi na kanwar, na ruwan kuwa sai da aka yi ta ja kafin ta yarda a riƙa sirkawa.

Na kuma sayi 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta shaƙi kabon monoksaid, na rataye ta a lungun da ke tsakanin ɗakunan kwana, da tukunyar kashe gobara a bakin ƙofar kicin. Na'urar sai da na aika Abuja aka sayo mini, don na zagaya shaguna da dama a nan ban samu ba, wasu masu shagon ma ba su taɓa jin sunanta ba. Wannan ya dame ni, a garin da kowace shekara dubban gidaje ke kwana da garwashi.

An yi arba'in a ƙarshen Janairu, sanyi ya fara sassautawa. Tukunyar farko ta kai mu har mako guda kafin nan, aka murɗa zuwa ta biyu. Kaskon yana nan a tsakar gida, da hantsi Hajiya takan zauna kusa da shi a fili ta gasa hannu, ta ɗora wa jikanta babba dankalin Turawa a cikin toka. Ranar da za mu koma gidanmu na ga ta sa maƙwabciyarta, wadda surukarta ke da tsohon ciki, a gaba, ta kai ta ɗakin baya tana nuna mata robar bakin taga da ƙasan ƙofa, tana ba ta labarin daren nan tun daga farko. Da dare kuma, bayan ta idar da shafa'i da wuturi, na ji ƙarar ƙofar kejin. Ta fita da tocila ta rufe makullin waje, kamar yadda take yi kowane dare tun ranar da Injiniya ya nuna mata.